Wata biyu ina neman abin da ke kashe motata a zafin Jidda

Motata ƙirar 2004 ce, mai silinda huɗu da inji 2.4, irin wadda duk danjar da ka tsaya a Jidda sai ka ga 'yar'uwarta a gefenka. Ta haura kilomita dubu 380, kuma shekara shida da ta yi a hannuna ba ta taɓa kwana a hanya ba. A da akwai wani bakanike ɗan gida da nake kai masa ita a Gulail, amma tun rusau ɗin 2022 da ya tashi unguwannin kudancin gari, su Gulail da Karantina da Sabil, jama'armu suka warwatse, shi ma ya koma Najeriya. Ni na dawo wajen Kilo 14 da iyalina. Saboda haka lokacin da motar ta fara ciwo a bazarar bara ba ni da wanda ya san ta, sai na shiga yawon warsha-warsha, wato gareji-gareji. Na rubuta wannan ne don na san da yawa daga cikinmu a nan tsofaffin motoci muke hawa, kuma kuɗin da muke samu ba na zubarwa ba ne.

Abin ya fara ne a farkon watan Yuni. Idan na tsaya a danja, mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, a kunne, sai in ji sitiyari yana kakkarwa a hannuna, inji yana wani irin tsalle kamar mai ɗingishi. Da na taka totur ta ɗan yi shaƙewa sannan ta saki. A gida mukan ce mota tana misin, a nan kuma suna cewa takɗi' ko taftafa, kuma yana da kyau mutum ya riƙe kalmomin nan don da su zai yi wa bakanike bayani. Bayan kwana uku fitilar nan mai ruwan lemo mai hoton inji ta kama a gabana. Wani lokaci ta tsaya cak, wani lokaci kuma, musamman idan ina hawa gada, sai ta riƙa ƙiftawa. A lokacin ban san akwai bambanci tsakanin biyun ba.

Warshar farko da na je a sana'iyya ce, unguwar masu gyaran motoci, bayan la'asar, domin da rana tsaka a bazara yawancinsu ba sa aiki sosai. Na yi kusan awa ɗaya ina jira a kan benci. Mu'allimin, wato babban bakaniken, ya zo ya saurari injin da kunnensa, bai jona kwamfuta ba, ya ce bawaji ne, wato fulogi. Ya tura ni shagon kayan gyara na kusa na sayo guda huɗu a riyal 120, ya karɓi 30 kuɗin hannu. Ina tsaye lokacin da yaronsa ya zare koyil na uku, abin da ke ba fulogi wuta, na ga robar ƙasansa a jiƙe sharkaf da baƙin mai, ya goge da tsumma ya mayar. Na tambaya, mu'allimin ya ce ba komai, tsohuwar mota ce. Na yarda. Motar ta yi lafiya kwana goma sha biyu, sannan rawar ta dawo yadda take.

A tsakanin nan ne sabon abu ya ɓullo, wanda ya fi tayar mini da hankali. Wata rana da azahar ina dawowa daga Balad cikin cunkoso, motar ta mutu a tsaye ba tare da wani gargaɗi ba. Na murɗa makulli, kik yana juyawa lafiya lau amma inji ya ƙi kamawa. Mutane biyu suka taya ni tura ta gefe. Na zauna a inuwar wani shago kamar minti ashirin, na dawo na murɗa, ta tashi tamkar ba ita ba. A raina na haɗa wannan da waccan rawar, na ce ciwon ne ya yi tsanani. Wannan haɗawar da na yi ita ce ta ɓatar da ni, ta kuma ɓatar da duk bakaniken da na yi wa bayani daga baya, don kullum abu ɗaya nake faɗa musu: tana rawa, har ta kai tana mutuwa.

Warsha ta biyu suka ce bakhakhat ne, wato nozul ɗin da ke fesa mai, da kuma bawwaba, ƙofar da iska ke shiga inji. Suka cire su suka wanke, riyal 200, suka kuma sa na sayi wata kwalbar maganin wanke tanki a 35. Kafin su fara sun cire kan batir, da suka mayar sai fitilar inji ta mutu, suka nuna mini suka ce an gama. Ban san cewa cire batir yana goge abin da kwamfutar motar ta adana ba, wato shaidar da ake bukata ce aka share, ciwon kuwa yana nan. Kwana biyu fitilar ta dawo. Wani abokin aikina ya ce in daina shan fetur mai lamba 91 in koma mai lamba 95, na koma, ina biyan riyal 2.33 a lita maimakon 2.18, babu abin da ya canja.

Warsha ta uku ita ce ta fi cin kuɗina. Da na ce motar tana mutuwa idan ta yi zafi kuma ta tashi idan ta huce, mu'allimin bai bari na rufe baki ba ya ce ɗurumba ce, famfon mai na cikin tanki. Maganarsa ba shirme ba ce, famfon da ya gaji yakan yi haka a zafi, musamman ga mai yawo da tanki kusan wayam, domin man da famfon ke ciki shi ke sanyaya shi. Amma bai auna ƙarfin man ba ko sau ɗaya. A shagon kaya aka tambaye ni asli nake so, wato na kamfanin motar, ko tijari, wato na kasuwa, na ga kuɗin aslin ya fi ƙarfina a wannan watan, na ɗauki tijari a 280, aka ɗaga kujerar baya aka sa, kuɗin hannu 100. Na fito da kwanciyar hankali don ya ce mini magana ta ƙare.

Mako ɗaya bayan nan surukata ta zo daga Kano, muka shirya kai ta Umra. Mun ɗaura niyya daga gida bayan azahar, ni cikin harami, maiɗakina da mahaifiyarta a baya da ƙaramar 'yarmu. Muna kan babbar hanyar Makka, mun kai daidai Bahra, ban kai shingen Shumaisi ba, ina tafiya a kan ɗari, sai injin ya ɗauke ɗif kamar an zare makulli. Sitiyari ya yi nauyi nan take. Na kunna fitilun haɗari, na mayar da giya kan N, na lallaɓa na ratse dama tsakanin manyan motoci, birki ya taurare a taku na biyu ko na uku sai da na danna da dukkan ƙarfina. Allah ne ya tsare. Na fito na buɗe bonet, kwalta tana ƙona ƙafata ta cikin silifa, ina riƙe da mayafin harami da hannu ɗaya kada iskar tireloli ta ɗauke shi, ina kallon injin da ban san abin da zan taɓa a cikinsa ba. Surukata ba ta yi mini magana kai tsaye ba, ta dai ce wa 'yarta, "Ki ce masa kada ya damu, Allah ya riga ya ga niyyarmu." Wannan maganar ta fi zafin ranar taɓa ni. Na tare musu mota ta wuce da su Makka, na kira saɗha, motar da ke ɗaukar mota a bayanta, ta mayar da tawa Jidda a riyal 200. Abin da ya ƙara mini takaici, lokacin da saɗhar ta iso bayan minti arba'in, na gwada makulli motar ta tashi. Duk da haka na ce a ɗora ta. Sai bayan isha'i na same su a Harami na yi tawa Umrar.

A masallacin unguwarmu ne wani ya ce in je wurin wani dattijo mai gyaran wutar mota, Bahaushen Sudan ne, asalinsu Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, ya daɗe a Jidda. Shagonsa ƙarami ne, mota biyu kawai yake ɗauka. Na je ranar Asabar da safe na tarar da mutum uku a gabana, ban samu shiga ba sai wajen sha ɗaya. Hausarsa tana da gauraye da Larabci amma tsaf muke fahimtar juna. Na gaishe shi na ce, "Baba, mota ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa." Ya ce, "Zauna tukuna, ɗana. Kada ka faɗa mini abin da aka canja, faɗa mini abin da take yi." Ya sa aka kawo shayi, ya yi mini tambayoyi kusan minti goma sha biyar bai ko kalli motar ba. Rawar da safe take yi ko sai ta yi zafi? Na ce kowane lokaci. Mutuwar fa? Na ce sai ta yi tafiya mai nisa ko ta daɗe a cunkoso. Idan za ta mutu, tana shaƙewa tana ja da baya tukuna, ko ɗaukewa take yi lokaci guda? Na ce lokaci guda. Allurar juyin inji a hankali take sauka ko faɗuwa take yi? Na tuna da ranar Bahra na ce faɗuwa ta yi ƙasa tun motar tana gudu. Idan kana murɗa makulli ta ƙi tashi, allurar tana ɗan motsi? Wannan ban lura ba, na gaya masa gaskiya. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Ina jin ciwo biyu ne da motarka, ba ɗaya ba. Amma bari mu gani da ido."

Ya jona na'urarsa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya juyo da fuskar na'urar ya nuna mini. Lamba biyu ta fito. Ta farko P0303, ya ce duk lambar da ta fara da P030 maganar misin ce, lambar ƙarshe kuma ita ce silindar, wato ta uku, in da sifili ne a ƙarshe to misin ɗin ya bazu ba a wuri ɗaya yake ba. Ta biyu P0335, wadda ta shafi hassas ɗin karanki, ɗan na'urar da ke gaya wa kwamfutar mota inda karanshaf yake a juyinsa. Ya sa na ɗauki hoton lambobin da wayata kafin ya taɓa komai. Sannan ya faɗi abin da nake so kowa ya ji: lamba tana nuna unguwar da ciwo yake ne, ba ta nuna gidan ba. P0303 ba ta ce koyil ne ba, zai iya zama fulogi, ko nozul, ko ma silindar ce ta rasa matsi.

Ga yadda ya raba gardamar ba tare da na sayi ko ƙusa ba. Ya zare koyil na uku, ya haska tocila cikin ramin fulogin ya ce in leƙa. Baƙin mai ne kwance a ciki ya kusa rufe kan fulogin. Ya ce gaskit ɗin murfin saman inji ya bushe saboda shekaru da zafi, mai yana tsiyaya cikin ramin, ya jiƙa robar koyil har ta kumbura ta tsage. Ya lanƙwasa robar a gabana, sai ga wani siririn layi baƙi kamar zanen fensir, ya ce nan ne wuta ke tserewa ta bi jikin inji maimakon ta sauka bakin fulogi. Ya tsotse man, ya ɗauki wannan koyil ɗin ya kai silinda ta ɗaya, ya dawo da na ɗaya ta uku, ya goge lambar, muka zaga unguwa na minti goma. Da muka dawo ya sake jonawa, lambar ta koma P0301. Ciwon ya bi koyil ɗin. Da ya tsaya a ta uku, in ji shi, da sai mu musanya fulogi, sannan nozul, in duk ba su ba ne a auna matsin silinda. A nan ne kuma ya gaya mini ma'anar ƙiftawar fitila: misin ne mai tsanani, ɗanyen fetur yana wucewa salansa yana ƙonewa a cikin abin da a gida muke kira indomi, a nan dabbat talawwus, kuma idan ya narke kuɗinsa ya ninka na koyil sau da yawa. Wanda fitilarsa ke ƙiftawa ya sassauta ƙafa ya nemi wurin tsayawa.

Aka rufe don sallar azahar, muka dawo ya shiga ciwo na biyu. Da farko ya jona agogon auna ƙarfin mai, ya ce injin irin nawa yana son tsakanin 44 da 50 a ma'aunin psi, nawa kuwa yana ciki. Na tambaye shi ko tsohon famfona lafiyarsa ƙalau ke nan aka cire. Ya ce ba zai yi shaidar abin da bai gani ba, amma awon nan na minti goma shi ya kamata a yi kafin a buɗe tanki. Sai ya kwanta ƙarƙashin motar ta gefen tayar gaba ta dama, ya kwance ƙusa ɗaya kusa da fulin karanshaf, ya fito da wani ɗan abu baƙi da bai fi babban yatsa ba. Ya ɗora shi a kan tebur ya maƙala masa wayoyin mita, ta nuna om dubu ɗaya da ɗoriya, ya ce a sanyi lafiyarsa lau, shi ya sa duk wanda ya duba shi da safe zai rantse ba shi da laifi. Ya ɗauko na'urar busar da gashi irin ta mata ya riƙa hura masa zafi. Muna kallon mitar, lambar tana hawa a hankali, wanda ya ce haka ya kamata. Bayan kamar minti huɗu sai lambar ta ɓace gaba ɗaya, mitar ta nuna layi ya yanke. Ya kashe na'urar, muka jira, abin ya huce, lambar ta dawo da kanta. Tsikar jikina ta tashi, domin abin da ya faru da ni a Bahra ke nan nake gani a kan tebur. Ya ce a ciki akwai siririyar waya da aka naɗe, ta tsinke a wani wuri, idan ta yi sanyi bakin biyu suna haɗuwa, idan zafi ya buɗa ta sai su rabu. Da zarar sun rabu kwamfuta ba ta san inji yana juyawa ba, sai ta yanke wuta da mai lokaci guda, shi ya sa allura ke faɗuwa kuma motar ba ta shaƙewa kafin ta mutu. Wadda mai ya yanke mata takan yi ta fizga tukuna.

Wajen sayen kaya ya raba mini su. Hassas ɗin ya ce sabo kuma asli, kada in kuskura in ɗauko na tashlih, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci da aka farfasa, ko tijari, don wanda zai mutu a kan hanyar Makka ba wurin neman araha ba ne. Ya sa na kai lambar shasi da ke jikin istimara, takardar rajistar mota, don a ba ni daidai nawa, na saye shi 240. Gaskit sabo 90, fulogi ɗaya 40 domin na ukun shi ma wuta ta zana masa layi a jikin farin. Koyil kuwa ya ce na asali da aka ciro daga wata mota ya fi sabon tijari, sai na tafi tashlih washegari na samo a 70, da sharaɗin in dawo da shi cikin kwana uku idan bai yi ba. Wannan sharaɗin a nemi a rubuta shi a takarda. Kuɗin bincikensa 100, na aiki 150, jimla 690. Abin da na kashe kafin in zo wurinsa, har da saɗha, ya kai 965, ban lissafa kuɗin motar da ta kai iyalina Makka ba.

Da zan sake bin hanyar nan, littafi zan ajiye a mota tun ranar farko, in riƙa rubuta lokacin da abin ya faru, inji da sanyi ko da zafi, mukayyif a kunne ko a kashe, yawan man da ke tanki, abin da allura ta yi, da mintunan da ta ɗauka kafin ta sake tashi. Ba zan bari a cire kan batir ko a goge lamba ba sai na ɗauki hotonta. Kuma duk wanda ya ce in sayo wani abu zan tambaye shi cikin ladabi wane awo ya yi da ya nuna masa haka. Bakanike na gari ba ya jin haushin wannan tambayar, dattijon nan ma murna ya yi da na riƙa tambaya. Ba na cewa mutanen farko macuta ne, kowannensu ya faɗi abin da ya fi yawan gani ne, ni kuma na ba su labari a dunƙule. Amma man da na gani da idona a robar koyil tun ranar farko, da na tsaya a kansa, da rabin wahalar ba ta same ni ba. Tsoffin kayan da aka cire ma a karɓe su, na bar famfona a waccan warshar kuma har yau ina tunaninsa.

Akwai dalilin da ya sa na ƙagu a gama kafin ƙarshen Agusta: istimarata ta kusa ƙarewa, ba a kuma sabunta ta a Absher, manhajar gwamnati, sai da fahas mai aiki, wato takardar binciken lafiyar mota, da inshora, kuma babu tarar da ake bin mutum. Motar da ke misin tana fitar da ɗanyen mai a hayaƙi, wadda ke yoyon baƙin mai kuma ana iya mayar da ita a kan wannan kaɗai. Dattijon ya ce in yi mako ɗaya ina hawanta tukuna, in wanke ƙasan injin don tsohon man da ya zuba kada a ɗauka sabon yoyo ne. Na kama layi ta intanet, na je da istimara da iƙamata, katin zamana a ƙasar, na biya riyal 115, na yi kamar minti arba'in a layin motoci. Ina tsaye a gefe lokacin da suka zura bututun awo a salansa, gabana yana faɗuwa, har aka miƙo mini takarda an rubuta ta wuce.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya na sake ɗaukar surukata zuwa Makka don ɗawafin bankwana kafin ta koma gida. Da gangan na fita da rana tsaka, mukayyif a kunne. Da muka zo Bahra idona yana kan allurar juyin inji, tana nan daram a kan dubu biyu da ɗari biyar, har muka wuce Shumaisi.